Kujerun Mushe Almeda

A shekarar da gyaɗa ta ƙi, gero ya ƙi, har rijiyoyin unguwar Birni a Damagaram suka koma sai an zura guga an zauna jira, gidan Kaltuma ya cika da mutane. Ita sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, tun mijinta Usman yana raye har bayan rasuwarsa, amma bana babu gyaɗar da za a soya, kaskonta yana kife a bayan madafa. Ƙanenta Gambo ya baro gonarsa a Garagumsa ya iso Damagaram da matarsa Zuliha da ƴaƴa da ƙullin tabarmi, jakinsu ya faɗi a hanya tun kafin Tirmini. Ta ba su ɗakin ajiya da ke jikin zaure, ta ce su fitar da duk tarkacen da ke ciki, ban da kujeru biyu da ke lungu, lulluɓe da tsofaffin buhuna.

Kujerun ba irin na garin ba ne. Gajeru ne, masu hannu, an yi su da siraran ganyayen katako da aka manne su bisa juna, sannan aka lanƙwasa mazauni da majingina suka tafi a haɗe kamar ɓarin ƙwarya. Ba a ganin kan ƙusa ko ɗaya a jikinsu. Zafi da daɗewa sun ɗaɗɗaga mannen, gara ta ci ƙafar ɗaya, ƙyallinsu ya dushe.

Mai su Almeda ne, wanda ake ce wa Mushe, girmamawa irin ta Faransanci, komi ne, wato magatakarda, a kamfanin sayen gyaɗa inda Usman ya yi tuƙin kamiyo, babbar motar kaya. Mutumin Dahome ne, kuma yakan ce kujerun sun ƙetaro teku daga Barazil, ƙasar da aka taɓa kai kakanninsa suka dawo. Lokacin da gwamnati ta ce ƴan Dahome su koma ƙasarsu, motar da ta kwashe shi da iyalinsa ba ta da wurin kujera. Ya kawo su gidan Usman ya ce a riƙe masa, zai dawo ko ya aiko. Shekara wajen goma ke nan, bai dawo ba, bai aiko ba. Usman kuwa, yana kwance a ciwon ajali, ya ce wa Kaltuma kujerun nan amana ce, kada ta bari a taɓa su.

Wata rana da hantsi Gambo ya yi sallama a zaure tare da wani baƙo. Ɗanjuma ne, kafinta daga unguwar Zango, wanda Kaltuma ta sani sama-sama tun zamanin Usman. Suka gaisa, ya yi mata jajen shekara, ya daɗe yana yabon marigayi, sannan ya ce ya ji akwai wasu kujeru da suka lalace a gidan, yana so ya gyara su.

"Ba ni da abin biyan gyara," in ji Kaltuma.

"Haba Yaya, wa ya yi maganar biya? Don Allah zan yi, da zumuncin da ke tsakanina da Usman."

Kaltuma ta dube shi, ta dubi Gambo, wanda ya duƙar da kai yana tsinkar zaren tabarma. A wannan shekara ko ruwan alwala da ƙyar maƙwabci ke ɗebo wa maƙwabci. Ɗanjuma bai zo jana'izar Usman ba, ta tuna da wannan sarai. Kuma da aka yaye buhunan, sai ta ga bai yi mamakin kujerun ba kamar yadda kowa ke yi, kai tsaye ya juya ɗaya ya leƙa ƙarƙashinta, kamar wanda aka riga aka faɗa wa inda zai duba.

Ta so ta hana gaba ɗaya. Amma garar da ta ci ƙafar nan ba za ta tsaya ba, kuma in mai kaya ya aiko, ba ta son ta miƙa masa gari a buhu. Ta ce ya ɗauki mai cinyayyar ƙafar kawai, in ya gama ta gani, sannan a yi maganar ɗayar. Ɗanjuma ya ɗan ja, ya ce aikin ya fi sauƙi in suna tare. Jan da ya yi ya ƙara mata tabbacin cewa ta yi daidai.

Da aka kwana biyu ba labari, ta yafa mayafi ta nufi Zango. Ba ta shiga shagon Ɗanjuma ba, ta tsaya a inuwar katangar da ke fuskantarsa, cikin matan da ke jiran rabon hatsi. Abin da ta gani ya tsinka mata zuciya. An warware kujerar gunduwa-gunduwa, hannu daban, ƙafafu daban. A gefe tukunya tana tafasa, wani wari kamar na majema yana tashi daga cikinta. Kuma ba Ɗanjuma ke aikin ba. Wani tsoho ne, baƙo, wanda ba za a ce masa Bafaranshe ba, ba za a ce masa Balarabe ba, jikinsa wankan tarwaɗa, gashinsa a murɗe fari fat. Yana zura siririyar wuƙa tsakanin ganyayen katakon a hankali, yana ɗagawa, yana kai idonsa kusa yana leƙawa.

Ta koma gida, ta kira Gambo tsakar gida.

"Wane ne tsohon da ke shagon Ɗanjuma?"

Gambo ya yi ƴan kame-kame, daga bisani ya faɗi gaskiya. Ranar da ya samu aikin dakon katako a kasuwa, ya ga wannan baƙon yana bin kafintoci ɗaya bayan ɗaya, yana zana musu wata kujera a ƙasa da tsinke. Da ya ga zanen ya gane abin da ke ɗakin da yake kwana. Ya faɗa wa Ɗanjuma, shi kuma ya auna masa dawa a ƙwarya, ya ce kada ya ambaci baƙon a gida.

"Ita ce dawar da muka ci ranar Lahadi?"

"Ita ce, Yaya."

Ba ta yi masa faɗa ba, don ita ma ta ci. Sai ta zauna bisa turmi tana magana ita kaɗai, amma a bayyane.

"Mutum ba ya baro ƙasarsa a shekarar yunwa don tsohuwar kujera. Akwai abin da suke nema a cikinta. Na ga yadda yake ɓare ta yana leƙawa."

"Kamar me?" in ji Gambo.

"Ina na sani? Almeda ya tafi cikin gaggawa, ana bincikar kayansu a hanya. Wa ya san abin da ya ɓoye?"

Ta faɗi wannan ne don ta huce, ta tashi ta shiga harkar gabanta. Ba ta lura da yadda Gambo ya ɗago kai ba.

A makon nan ƙaramar ƴar Gambo ta kama zawo, ta koma sai idanu. Ran nan Kaltuma ta yi sammakon famfo, layi ya yi tsawo, ruwan ya ɗauke ya dawo, ba ta samu cika tulunta ba sai da rana ta take. Tun daga ƙofar gida ta ji gidan ya yi tsit. Zuliha tana zaune a bakin ɗaki da yarinyar a cinya, ta kau da kai. A cikin ɗakin Gambo yana durƙushe da wuƙar yankan kara a hannu, kujera ta biyu tana gabansa, ya tsage majinginarta tun daga sama har mazauni, ya ɓamɓare ganyayen katakon ɗaya-ɗaya, sun zube kamar ɓawon albasa.

Kaltuma ta sauke tulun a hankali don kada ruwan ya zube.

"Me ka samu?"

"Ba komai a ciki, Yaya. Katako ne kawai."

"Ka duba da kyau?"

Ya ɗago ya dube ta, don bai gane ko gatse take yi ba. Ita kanta ba ta gane ba. Ya ce ya zaci ko zinariya ce aka shimfiɗa tsakani, ya ce yarinyar tana buƙatar likita, ya ce in da abin a ciki ai gara su da baƙo.  Kaltuma ta tsaya tana kallon ɓarnar. Ta hana wannan kujerar fita don ta tsare ta daga mutanen waje, ga shi a cikin gidanta aka yanka ta, kuma da maganar bakinta.

Ta tattara gutsattsarin a zane, ta ɗora gangar kujerar a ka, ta ratsa gari da ita bayan la'asar, mutane na kallo. A ƙofar shagon ta dire ta a gaban tsohon.

"Gaya masa," ta ce wa Ɗanjuma, "mun riga shi dubawa. Ba komai a ciki. In abin da ya kawo shi ke nan, ya haɗa mini ɗayar in tafi."

Tsohon bai jira fassara ba. Ya zauna a ƙasa daɓas, ya kwance zanen, ya riƙa ɗaukar ganyayen katakon yana jera su bisa juna, yana shafa gefensu da babban yatsa. Da ya ɗago, idanunsa sun kaɗa. Ya yi magana mai tsawo da Faransanci mai nauyi, yana tsayawa yana neman kalma, yana nuna kansa, yana nuna kudu, yana nuna ta.

"Ya ce shi ya ƙera su tun asali," in ji Ɗanjuma. "Nasa ne. In ya gama gyara, nan shagon za su zauna. Ya gode da ajiya."

Kaltuma ba ta jin Faransanci, amma kunnenta ƙalau. Maganar tsohon ta yi tsawon zuwa famfo, fassarar kuwa ba ta kai shan ruwa ba. Ta ji sunan Usman a bakin baƙon, ta ji Madam Almeda har sau biyu, kuma ba ɗaya da ya fito daga bakin Ɗanjuma. Ba ta nuna ba. Ta ce yamma ta yi, za ta dawo da safe.

Da safe ta dawo da Ramlatu, ƴar maƙwabciyarta, mai jin Faransanci, wadda ke koyarwa a lakwal, makarantar ƴan mata. Da Ɗanjuma ya gan su tare, sai ya ajiye zarton da ke hannunsa ya shiga share gaban shago da ba ya buƙatar shara.

Ramlatu ta gaisa da tsohon, ta roƙe shi ya maimaita abin da ya faɗa jiya, ta riƙa juyawa gaɓa-gaɓa. Sunansa Tiyodoro. A wani gari na bakin teku a Barazil, yana saurayi, ya yi aiki a masana'antar da ke yin irin wannan katakon don akwatunan kaya. Shi ya zana kujerar, shi ya sassaƙa ma'aunin da ake lanƙwasa ta a kai. Kaɗan aka yi, don mutane sun ce ba za su zaunar da baƙi a kan katakon akwati ba. Daga baya gobara ta cinye wurin da ma'aunan duka. Kakansa da kakan Almeda wa da ƙane ne, ɗaya ya koma Dahome, ɗaya ya zauna. Waɗannan biyun ya aika wa Almeda su ne a matsayin gudummawar aure. Bara ya zo Kwatano ta ƙasar Dahome neman dangi, ya tarar Almeda ya rasu. Matarsa ta ce kujerun suna Damagaram wurin wani direba Usman, kuma in ya same su, ya gaya wa mutanen gidan ta bar musu, ita ba ta da inda za ta sa su. Shi ya sa ya hau kamiyon da ke kawo hatsin taimako.

"To shi me yake so?" in ji Kaltuma.

"Ya ce yana so ya auna su ya sake zana su, Inna, don ba sauran irinsu da ya sani. Kuma yana so ya gan su tsaye."

Kaltuma ta juya wajen Ɗanjuma. Shi ya fara magana.

"Yaya, tun da damina ta wuce ba wanda ya sa ni aikin ƙofa ko gado. Nasaran taimako sun cika gari, kowane biro, ofisoshin nan nasu, yana neman kujerun zama. Na ce in kujerun suna nan, in koyi yadda ake yi, in riƙa kwaikwaya. Ba sayarwa zan yi ba."

"Da ka faɗi haka tun a zaure."

"Da ba ki ba ni ba."

Wannan gaskiya ne, ta bar shi a haka. Amma hankalinta bai kwanta da tsohon ba tukuna. Kyautar ta zo da sauƙi da yawa. Ta sa Ramlatu ta tambaye shi ƴaƴan Almeda nawa, ya ce uku ya gani, ita kuwa huɗu ta sani. Ta tambayi wace ƙafa Almeda ke ɗingisawa, ya ce sau ɗaya suka taɓa haɗuwa, suna samari, a lokacin ba ya ɗingishi. Ta tambayi me zai nuna mata cewa mutumin ya mutu, kuma matarsa ta faɗi abin da ya ce ta faɗa. Tsohon ya buɗe tafukan hannunsa, ya ce ba shi da komai sai bakinsa.

"Kin yarda da shi, Inna?" Ramlatu ta tambaya ƙasa-ƙasa.

"Na yarda shi ya yi su. Kin ga yadda ya zauna a ƙasa jiya? Ba ki gani ba. Sauran kuma ban sani ba."

Ta yanke magana a nan take. Za a gyara kujerun a shagon, amma kullum da wani na gidanta a wurin, tun daga buɗewa har rufewa. Wanda za ta ajiye kuwa Gambo ne, shi da ya ɓata, kuma Ɗanjuma zai riƙa ba shi abin da ake ba mai taya aiki. Ɗanjuma ya dubi Ramlatu, ya ce ya yarda.

Aikin ya ɗauki sauran bazarar. Tukunyar nan mai wari ashe manne ne, tsohon ke dafa shi da ƙiraga da kofatan shanun da suka mutu, abin da ba a rasa ba a shekarar. Ruwan da ake turara katako da shi daga rabonsa na masauki yake ɗebowa, ya bar wanka sai jefi-jefi. Ya sassaƙa sabon ma'auni da kututturen gawo. Ganyayen da Gambo ya ɓamɓare aka jiƙa su, aka miƙar, aka shafa manne aka mayar ɗaya bayan ɗaya, aka ɗaure da igiyar rijiya aka ɗora duwatsu. Inda ya karye sarai, aka yanko daga akwatunan da aka kawo magani a ciki. Gambo ba ya jin yaren tsohon, tsohon ba ya jin nasa, amma da nuni da buga hannu suka saba. Yarinyar ta tashi, bayan Ramlatu ta kai su wurin wata ƙawarta a asibiti.

Kaltuma ba ta daina zuwa ba. Takan faɗo ba sanarwa, wani lokaci da hantsi, wani lokaci da azahar, ta duba kujerun biyu suna nan, ta dubi takardun da tsohon ke zane a kai, ta tambayi Gambo a gefe ko wani Nasara ya zo ya taya kujerun. Sau ɗaya wani ya zo, in ji Gambo, tsohon ya ce masa ba nasa ba ne, na wata madam ne a Birni. Ta ji daɗin wannan, sai kuma a hanyar gida ta shiga tunanin ko don ya san Gambo zai kawo mata labari ne ya faɗa.

Ranar da aka gama, an goge su an shafa musu mai, suka fito ja-ja kamar zuma, layukan katakon suna bayyane a gefe. Tsohon ya zagaya su, ya danna kowace da hannu, ya zauna a ɗaya ya miƙe ƙafafu ya rufe ido. Ya daɗe haka har Ɗanjuma ya fara tari. Da ya tashi ya naɗe takardunsa, ya ba Gambo siririyar wuƙarsa, ya yi wa Kaltuma wata doguwar magana da ba mai juya ta, don Ramlatu tana lakwal, ita kuma ba ta nemi Ɗanjuma ya juya ba. Kashegari ya hau kamiyon da ya sauke hatsi zai koma kudu wayam.

Ta mayar da kujera ɗaya gida. Ɗayar ta bar wa Ɗanjuma aro, a gaban mai unguwa da shaidu, da sharaɗin Gambo zai ci gaba da aiki. Ta farkon da suka kwaikwaya ta ɗage a rana ta buɗe baki, na bayanta suka tsaya, har wasu biro biyu suka saya. Da ruwa ya sauka a daminar, ruwa na gaske, Gambo ya tafi Garagumsa ya yi shuka da irin da aka raba, ya bar Zuliha da yara, ya riƙa zuwa yana komawa.

Bayan kaka Kaltuma ta nemi Mai Nasara, wani direba da ya yi yaron mota a hannun Usman, yanzu yana jigila har Kwatano. Ta roƙe shi in ya isa ya nemi gidan Almeda, ya ji daga bakin matar. Ya yi wata da wani abu kafin ya dawo. Ya zauna a zaure ya sha ruwa, ya ce masu wannan suna a can sun fi a ƙirga. Ya dai samu gidan wani da ya taɓa aiki a Nijar ya rasu, amma matar ta tashi, wasu sun ce ta koma wurin ɗanta a Lome, wasu sun ce ƙauye. Wata tsohuwa mai sayar da kifi a ƙofar gidan ta ce ta tuna wani farin tsoho ya taɓa zuwa, amma ba ta san abin da suka tattauna ba.

Kaltuma ta jujjuya maganar. Ta shiga ciki ta ƙullo masa ƙuli-ƙulin sabuwar gyaɗa, na farko da ta toya tun da aka shiga farin.

"Yaushe za ka koma?"

"Sai bayan Salla, Inna."

"To, in ka je ka sake tambaya. Ka nemi sunan ɗan, da unguwar da yake."

Mai Nasara ya ce to, ya sa ƙullin a aljihu, ya fita wajen motarsa.